Hannun Gida a Tanderun Bature: Labarin Ladi Kwali

A shekarar 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya sauka a garin Abuja, wato Abujar asali, wadda a yau ake kira Suleja. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko shi, ta ce ya zagaya ƙasa ya ga yadda ake ginin tukwane, ya kawo shawarar yadda za a ciyar da sana'ar gaba. Da ya je gaisuwa wurin Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, sai ya tarar da tukwane da tuluna waɗanda Sarki ya tara a gidansa saboda kyansu. Cardew ba baƙon yumɓu ba ne, ya kusa shekara talatin yana wannan aiki, ya kuma ga aikin gwanaye na Ingila da Japan. Duk da haka abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Manyan tuluna ne masu zagayayyen ciki, babu karkata ko ta ina, jikinsu cike da zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye. Daga cikinsu akwai aikin wata mata 'yar ƙauyen Kwali, ana ce mata Ladi.

Mutum uku ne suka haɗu a wannan labari, kuma kowanne da gadon da ya ɗauko. Na farko shi ne Sarki. Gidan sarautar Abuja reshe ne na sarakunan Zazzau na Haɓe. Lokacin jihadi Sarki Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yi kudu zuwa ƙasar Gwari da Koro, bayan rasuwarsa kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 kusa da Dutsen Zuma, garin ya ci sunansa. Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya zama sarki. Mutum ne mai ganin darajar aikin hannun talakawansa. A lokacin da masu hali ke ƙawata ɗakunansu da tasoshi da fantimoti na ƙasashen waje, shi tukunyar ƙasa ta matan Gwari ya ga ta cancanci a ajiye a fada. Da bai yi haka ba, da wataƙila Baturen ya wuce bai taɓa jin sunan Ladi ba.

Na biyu shi ne Cardew. An haife shi a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oksfod, amma ya bar hanyar aikin ofis ya bi yumɓu. A 1923 ya zama almajirin Bernard Leach a garin St Ives da ke kudu maso yammacin Ingila. Shi Leach a Japan ya koyi sana'ar, ya dawo gida a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada, suka gina tanderu mai aiki da itace irin na Gabas mai nisa. A can Japan da Sin da Koriya ginin tangaran sana'ar gida ce, uba ya bar wa ɗa keken gini da tanderu da sirrin haɗin ƙasa, zuriya bayan zuriya. Wannan ɗabi'a Leach ya ɗauko, ita kuma Cardew ya sha. Ya buɗe tasa ma'aikatar a Winchcombe a 1926, ya koma Wenford Bridge a yankin Cornwall a 1939. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, aka tura shi Kwalejin Achimota a ƙasar da yanzu take Gana, don ya kula da ma'aikatar tangaran a Alajo. Ma'aikatar ba ta ɗore ba. Ya koma Vume a bakin Kogin Volta ya kafa tasa da kuɗinsa, ya sha wahalar ciwo da asarar kayan da yake gasawa, har ya koma gida a 1948. Saboda haka mutumin da ya iso Abuja ya riga ya san cewa ƙasar Afirka ba ta ba da kai ga mai gaggawa.

Ta uku ita ce Ladi. An haife ta wajajen 1925 a Kwali, cikin al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A wurinsu ginin tukwane aikin mata ne, kuma a tsakar gida ake koyonsa. Ladi ba ta shiga makarantar boko ba. Wata 'yar'uwar mahaifanta ce ta ɗauke ta tun tana ƙarama ta koya mata, kamar yadda ita ma aka koya mata. Yarinya takan fara da aikin da babu yabo a cikinsa: ɗebo yumɓu daga rami, jiƙa shi, tsince tsakuwa, cuɗa shi har ya yi laushi, tara ciyawa da itacen gashi. Sai ta daɗe tana kallo kafin a bar ta ta taɓa tukunya. Babu littafi, babu awo, babu ma'auni. Idon uwa ne ke gyara, hannun yarinya kuma yana riƙe abin da aka gyara.

Yadda matan Gwari ke gini abin kallo ne. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani mazauni, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bangon sama da yatsu tana zagaya shi da ƙafafunta. Tukunya tana zaune wuri ɗaya, mai ginin ce ke juyawa. In bango ya tashi sai ta murza yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora, ta shafe, ta sake ɗorawa, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya ya fito. Kayan aikinta ba su wuce ɗan katako mai faɗi, da sakaina, da bawon katantanwa, da tsumma mai laima ba. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma a nan maganar take a zahirinta: kafin yumɓu ya bushe ake yin ado, da wuƙar kara da murɗaɗɗiyar igiya da ɗan icen da aka sassaƙa ake gangarawa a jiki. Ladi takan raba jikin tulu gida-gida da layuka, ta sa hawainiya a nan, kada a can, maciji ko kifi a gaba, ba tare da ta fara gwada zanen a wani wuri ba. In tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Cikin ɗan lokaci gashi ya ƙare. Tun tana budurwa sunanta ya fita a kasuwannin yankin saboda daidaiton hannunta.

Abin da Cardew ya rubuta wa gwamnati bayan zagayensa ya saɓa wa abin da mutane da yawa suka zata. Bai ce a kawar da ginin gargajiya ba. Ya nuna cewa tukunyar gida ta dace da aikinta: tana da araha, tana jure wutar murhu ba ta fashe ba, randa kuma tana sanyaya ruwa domin jikinta yana tsattsafowa. Shawararsa ita ce a bar wannan yadda yake, a kafa wata sana'a dabam a gefensa, ta yin kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli, irin waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara saye daga waje. Ya zaɓi Abuja domin akwai yumɓu mai kyau, akwai ruwa, akwai itace a wadace, ga tashar jirgin ƙasa a Minna ba nisa sosai, ga kuma sarki mai goyon baya. Aka gina ɗakunan aiki da jar ƙasa da jinka irin na gida. A watan Afrilun 1952 aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja. Ɗaliban farko duk maza ne, aka ɗebo su daga lardunan Arewa, kuma da Hausa ake yawancin magana a wurin, har shi Baturen ya koya.

Ya kamata mai karatu ya san bambancin wannan sabon aiki da na gida, domin a nan wahalar take. Wutar fili ba ta cika wuce digiri 800 a ma'aunin zafi ba. Tana ƙona yumɓu ya yi tauri, amma jikinsa yana nan da ƙananan kafofi. Tangaran irin wanda Cardew ke nema yana bukatar zafin da ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300. A wannan zafi ƙwayoyin ƙasar sukan fara narkewa su manne da juna, kwano ya fito da taurin dutse, ruwa ba ya ratsa shi, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Ba kowane yumɓu ke jure haka ba. Jan yumɓun bakin rafi in ya ga irin wannan wuta sai ya lanƙwashe ko ya narke. Dole a haɗa ƙasa iri-iri, a sa farar ƙasa, a gwada, a sake gwadawa. Ƙyallin da ke jikin kofi kuma ba fenti ba ne. Tokar itace ce da garin dutse da yumɓu ake niƙawa a dama da ruwa, a tsoma kofin a ciki, wuta ta narkar da shi ya zama gilashi a jikin ƙasa. Cardew ya dage a kan cewa da kayan ƙasar nan za a yi, don haka shi da ɗalibansa suka yi ta neman duwatsu da ma'adinai, tun daga kewayen Abuja har tsaunukan Jos.

Sai kuma tanderun kansa. An gina shi da tubalin da ke jure wuta, an tsara shi yadda harshen wuta zai tashi ya bugi rufi, ya sauko ta cikin kaya, ya fita ta ƙasa zuwa bututun hayaƙi. Ana sa kofuna da farantai a cikin akwatunan yumɓu don kada toka ta ɓata su, a jera akwatunan, a toshe ƙofa da tubali da laka. Gashi ɗaya yakan ci yini da dare. Da fari wuta kaɗan-kaɗan, don sauran laima ta fita ba tare da kaya sun tsage ba. Daga nan a yi ta ƙara itace, mutane suna karɓar juna, ana leƙa launin wuta ta ɗan rami, daga ja zuwa ruwan lemo zuwa fari mai kashe ido. In iska ta yi yawa launin ƙyalli ya canza, in hayaƙi ya yi yawa zafi ya ƙi hawa. Bayan an rufe wuta sai a jira kwanaki tanderu ya huce. Aikin makonni da yawa yana ciki, kuma babu mai sanin abin da ya samu sai ranar da aka fasa ƙofa.

Cikin wannan duniya ta maza da keke da tanderu Ladi ta shigo a watan Disambar 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Tana da kusan shekara talatin, gwana ce da kowa ya sani, amma ta yarda ta koma ɗaliba. Keken gini ya juya mata al'amari gaba ɗaya: a gida ita ke zagaya tukunya, a nan tukunya ke juyawa a kan faifai ita tana zaune. Yumɓun da bai zauna daidai tsakiyar faifai ba zai yi ta rawa har ya zube, kuma mutum yakan yi watanni kafin hannunsa ya saba. Ladi ta koya, ta kuma ƙware. Ta yi kwanuka da farantai da kofuna da butoci da tukwanen miya masu murfi. Takan tsoma kwano a cikin ruwan farar ƙasa ko ja, ta ɗauki ƙayar beguwa ta zana ta cikinsa, launin ƙasa ya bayyana a ƙarƙashi. Ƙadangarun Kwali da kifayenta suka hau farantin cin abinci. A gindin kowane kaya akan buga hatimin cibiyar, sunan Abuja da rubutun ajami, a gefensa kuma haruffan sunanta biyu, L da K. Ba da daɗewa ba ta zama mai koyar da wasu.

Amma abin da ya kai sunanta duniya ba aikin keke ba ne. Ladi ba ta ajiye ginin da aka koya mata a gida ba. Ta ɗauki sabon yumɓun cibiyar, wanda bai kai na Kwali biyayya ga hannu ba, ta gina manyan tulunanta da shi kamar yadda ta saba, tana zagayawa da ƙafa. Ta yi zanenta, aka cike layukan da farar ƙasa, aka zuba ƙyalli mai haske a kai, aka sa a tanderu. Da aka buɗe sai ga abin da babu wanda ya taɓa gani: tulun Gwari da siffarsa da zanensa, amma da taurin dutse, jikinsa yana sheƙi da launin kore mai duhu, dabbobin suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙyalli. Baturen da ya zo da tanderu bai iya gina irin wannan tulu ba, ya kuma san haka. Tanderun ne ya yi wa hannun gida hidima. Wasu mata suka biyo sawunta: Halima Audu ta zo a 1960, ta rasu shekara guda bayan haka tana tsakiyar ƙwarewarta, sai Asibi Iddo da Lami Toto da Kande Ushafa. Ɗakin da suke aiki a cibiyar har suna ya samu, ana ce masa Ɗakin Gwari.

Gaskiyar labari ba ta cika sai an faɗi abin da aka rasa. Tulun da ya shiga tanderu ya daina zama tulu. Ya yi nauyi ƙwarai, ba a zuwa rafi da shi. Jikinsa ya toshe, ba ya sanyaya ruwa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin matar da aka ƙirƙiri siffarsa dominta. Ya tashi daga gindin bango ya koma kan teburin ado. Haka kuma burin da aka kafa cibiyar a kansa bai cika yadda aka so ba. Kwanon sha da tasa da farantin ƙarfe masu fenti sun fi araha, ba sa fashewa, su mutane suka ci gaba da saye. Ƙananan ma'aikatun da aka buɗe wa ɗaliban cibiyar a Kano da Sakkwato ba su yi tsawon rai ba. Masu sayen kayan Abuja yawancinsu Turawa ne ma'aikatan gwamnati da baƙi da manyan mutane. Wannan ba ya rage darajar aikin Ladi, amma yana nuna cewa matan da suka ci gaba da gasa randa a fili, waɗanda babu wanda ya rubuta sunayensu, su ne suka ci gaba da shayar da jama'a ruwan sanyi.

A 1958 aka kai kayan Abuja baje koli a Berkeley Galleries da ke Landan, aka sake a 1959 da 1962. Tulunan Ladi su suka fi jan ido, masu tara kayan fasaha da gidajen tarihi suka saye su. A farkon shekarun 1960 ita kanta ta je Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a kwalejojin fasaha na Landan da Farnham da kuma ma'aikatar Cardew a Wenford Bridge, ta kuma je Faransa da Jamus. Mutanen da suka ɗauka ba a samun daidaitaccen zagaye sai da keke suka ga mace ta sunkuya a kan curin ƙasa, tana zagayawa, tulu yana tashi a gabansu ba tare da na'ura ko awo ba. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, maginin Gana wanda ya yi aiki da su a Abuja, suna nuna sana'ar a jami'o'i da makarantu. Ba ta bukaci Turanci ba. Abin da take da shi na faɗa, hannunta ya faɗe shi.

Girmamawa ta biyo baya. A 1963 Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 ta karɓi lambar yabo ta ƙasa da ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma lambar OON. Kafin nan garinta na aiki ya riga ya canza suna: da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979. Cardew ya bar aiki a 1965, ya rubuta littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, cike da abin da ya koya a Gana da Abuja, ya rasu a 1983. Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984. An sa wa cibiyar sunanta, akwai titi da babban zauren taro masu sunanta a Abuja, kuma tun 2007 hotonta yana bayan takardar naira ashirin, tana sunkuye a kan tukunya.

To, ina gadon ya tafi? A gefen Ingila da Japan amsar a fili take. Seth Cardew ya gaji mahaifinsa a Wenford Bridge, ɗansa Ara ma ya zama magini. A gidan Leach, David ya gaji Bernard, John ya gaji David, ya yi fiye da shekara hamsin yana gasa tangaran da itace a Muchelney. A Mashiko ta Japan, ɗan Hamada da jikansa sun riƙe tanderun gidan. A gefenmu gadon bai bi jini kaɗai ba, ya bi koyarwa. Michael OBrien, wanda ya karɓi cibiyar daga hannun Cardew, ya ci gaba da taimaka wa waɗanda suka fito daga cikinta. Danlami Aliyu, wanda ya koyi aiki a Abuja, ya buɗe tasa ma'aikatar a Minna, daga baya aka kafa ta Maraba kusa da Kaduna, inda ɗan'uwansa Umaru Aliyu ya riƙe aiki, aka kuma kafa ta Bwari. A nan ma ga 'yan gida ɗaya a kan keke ɗaya. Sannan a 1974 wata budurwa 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta zauna a gaban Ladi da sauran matan ta koyi ginin hannu. Yau tana cikin manyan maginan duniya, kuma ba ta ɓoye inda ta samo wannan hannu. A 2022 aka yi baje koli a Two Temple Place da ke Landan a kan mata baƙar fata masu aikin yumɓu, aka fara da tulunan Ladi a matsayin tushe.

Ga abin da ya fi damuna a labarin. Sana'ar da wata uwa ta koya wa yarinya a tsakar gida a Kwali ta isa Landan da Amurka, ta shiga gidajen tarihi, ta haifi almajirai a wata nahiya. Amma cibiyar Suleja, inda abin ya faru, ta yi shekaru tana ja da baya bayan rasuwar Ladi, wutarta ta yi sanyi, gine-ginenta suka tsufa. A ƙauyuka kuma roba da alminiyam sun ci kasuwar tukunya, 'yan mata da yawa suna ganin yumɓu aikin wahala ne na waɗanda ba su da abin yi. Ba a Najeriya kaɗai ba. Maginan Mirriya kusa da Damagaram, da matan Bubon a bakin Kogin Kwara kusa da Yamai, da masu kawo randuna da tukwane kasuwannin Wagadugu, inda Hausawan zango ke saye tun kaka da kakanni, duk suna fuskantar tambaya ɗaya: wa zai karɓa in tsofaffin sun gaji?

Labarin Ladi ya ba da amsa, in za mu ji. Sabon kayan aiki bai kashe mata sana'a ba. Ta hau keke, ta koyi tanderu, ta iya haɗa ƙyalli, ba ta ji tsoron ko ɗaya ba. Ta iya yin haka ne domin ta zo da abin da ya riga ya kafu a hannunta tun ƙuruciya, abin da babu makarantar da za ta ba ta a shekara biyu. Keke ana sayensa, tanderu ana gina shi a wata guda, amma hannun da ya san kaurin bango ba tare da awo ba sai an yi shekaru ana renonsa a gaban wanda ya iya. Sana'ar gado ba ta mutuwa saboda baƙon abu ya shigo gari. Tana mutuwa ne ranar da babba ya daina zaunar da yaro kusa da shi, ko ranar da yaro ya ga babu mutunci babu abinci a cikinta.

Saboda haka aikin yana kanmu, kuma ba mai wuya ba ne a gane shi. Makarantun fasaha da jami'o'inmu su gayyato tsofaffin magina su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan malamai, tun suna da ƙarfin tsayawa. Sarakuna da masu hali su yi abin da Sarkin Abuja ya yi, su sayi aikin gwanayen ƙasarsu su ajiye inda baƙo zai gani. Hukumomi su tayar da cibiyar Suleja ta koma wurin koyo, da malamai da ɗalibai da itace a bakin tanderu. Mu kuma masu saye, in mun je wurin maginiya, mu daina taya aikin kwana uku da kuɗin ƙosai. Iyayen da ke da wannan sana'a a gida su sa 'ya'yansu makaranta, su kuma koya musu yumɓu, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai yara a Kwali da Ushafa da Mirriya masu hannu irin na Ladi a yau ɗin nan, kuma ko za su kai inda ta kai ya danganta da ko akwai wanda zai zauna ya koya musu.